But Ɗin Fijon Baba

Hausawa na cewa abin da ya baka tsoro wata rana shi zai baka tausayi. Mu kuwa abin da ya raba mana kai a gida, shi ne daga baya ya zama abin da muke jin kunyar tunawa. Ba wani abu ba ne illa but ɗin wata tsohuwar mota ƙirar Fijo 504, wadda ta shekara biyu tana zaune a kan duwatsu a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada, Gusau. Mai karatu zai ga muna cewa "mu" tun daga farko har ƙarshe. Dalili kuwa mu tagwaye ne, tare muka yi laifin da za mu ba da labarinsa, tare muka ɓoye shi, saboda haka bai kamata ɗayanmu ya zame ya bar ɗaya da kaya ba.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne mai awon auduga da gyaɗa, daga baya da harkar ta ja baya ya koma sayen hatsi. Sana'ar gado ce a Gusau, domin tun da layin dogo ya iso garin ya zarce Ƙaura Namoda, kamfanonin Turawa suka kafa rumfunan awo, mutanen garin da yawa suka samu abin yi a tsakanin manomi da sikeli. A 1979 Baba ya sayi motar nan sabuwa dal, fara, haɗin Kaduna. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane matsayin 504 ba. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma ko bayan da Faransawa suka daina yin ta a ƙasarsu, mu nan an ci gaba da fito da ita har bayan shekarar 2000. Ita ce motar gwamna, ita ce ta alƙali, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce kuma ta haya a tasha. Hanyar da ta gagari wata mota, ita sai ta ɗaga gindi ta wuce.

A cikinta muka fara sanin duniya. Idan Baba zai je Tsafe sayen dawa da masara, mukan zauna a baya muna jiran inda dutsen Kwatarkwashi zai bayyana, mu yi ta gardamar wanda ya riga ganinsa. Idan kuwa Bunguɗu za shi, ta hanyar Sakkwato, to mun san za mu dawo da rake da dankali daga fadamar bakin gulbi. A wancan lokaci mutum na iya barin Tsafe bayan sallar isha ya kama hanyar Gusau ba ya tsoron komai sai ramin titi. Wanda ya san abin da 'yan bindiga suka mai da wannan yanki tun daga wajen 2011 zai ce tatsuniya muke yi.

Da tsufa ya zo wa Baba, ya zo wa motar. Kayan gyara suka yi tsada, ga wahalar man fetur ta shekarun mulkin Janar Abacha, lokacin da mutum zai kwana biyu a layi ya dawo da galan ɗaya. A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, wato 1996, Baba ya sa aka ɗora motar a kan duwatsu, aka cire batir, ya koma shiga motar haya. Kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai, yara suka mai da cikinta wurin wasa, domin ƙofofin ba su kulluwa. Abu ɗaya ne bai saki ba, shi ne but. Kowace Juma'a idan ya dawo daga masallaci sai ya zaro ɗan makulli daga aljihun ciki, ya buɗe, ya sunkuya ya daɗe yana 'yan dube-dube, ya rufe, ya jijjiga murfin ya tabbatar ya kama. Ba mai zuwa kusa. Mun taɓa jin yana gaya wa Baffa cewa a gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya tara da gara, ba shi da adakar da ta fi wannan.

Baba ya rasu a watan Yuni na 1998, 'yan kwanaki bayan rasuwar Abacha. Ya je Bunguɗu ta'aziyyar wani abokin huldarsa, ruwa ya dake shi, ya dawo da zazzaɓi, bai yi sati ba ya cika. Bayan addu'ar bakwai aka tattara makullansa: na ɗaki, na rumbu, na shagon kasuwa, har da na tada motar. Na but ne kawai babu. Aka zazzage aljihunan rigunansa, aka ɗaga katifa, aka duba gafakarsa. Babu.

Da a ce abin ya tsaya nan, da ba wani abu ba ne. Amma kafin arba'in sai ga maganganu biyu sun shigo gida. Ta farko daga Tsafe. Yayan amaryar Baba, wadda muke kira Iya, ya zo ya ce ya sayar da bijimai ya ba Baba ajiyar naira dubu sittin, ba shaida, ba takarda, domin a cewarsa tsakaninsa da Alhaji ba a taɓa bukatar shaida ba. Ta biyu daga Bunguɗu. Matar mamacin nan da Baba ya je wa ta'aziyya ta aiko ɗan'uwanta ya ce fadamar da ke hannun Baba ta jingina ce, kuma mijinta ya gama biyan kuɗin kafin ya rasu, don haka gonar marayunta ce. Ita ma ba ta da takarda. Mu kuwa tun muna yara muke cin raken wannan fadama, ba mu taɓa jin an kira ta da wani suna ba sai gonar Baba.

Daga nan gida ya rabu biyu ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. A ɗakinmu, wato ɗakin Inna uwargida, magana ita ce Iya ta ɗauke makullin tun Baba na kwance, ta kwashe abin da ke ciki, sannan ta turo yayanta ya zo ya ƙara da da'awar ajiya. A ɗakin Iya kuma, kamar yadda muka ji daga baya, ana ganin mu manya mu muka ɓoye shi don mu cinye rabon ƙananan. Aka daina haɗa kwano. Ƙannenmu da muke goyo a kafaɗa suka koma sunkuyar da kai idan mun haɗu a zaure. Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ne babba a dangi, ya yanke hukunci cewa ba mai taɓa motar sai mata sun fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan a buɗe a gaban kowa.

To, a nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Muna da shekara ashirin da biyu a lokacin, muna ganin mun fi kowa wayo. Muka ce da juna, idan an riga an kwashe, gara mu sani tun yanzu; idan kuma ba a kwashe ba, gara mu ga abin da ke ciki kafin a yi mana sakiyar da ba ruwa. Wani dare cikin watan Agusta, an ɗauke wuta, ana yayyafi, muka fito da tocila da silin keke wanda muka daddaƙe bakinsa da dutse. Ɗaya na haskawa, ɗaya na zungura. Mun ji ana cewa haka ɓarayin mota ke yi. Abin da ba a gaya mana ba shi ne aikin na bukatar hannu mai sanyi, mu kuwa hannunmu rawa yake. Muka murɗa da ƙarfi, sai muka ji ƙas. Bakin silin ya karye a ciki. Muka yi ta ƙoƙarin zaro shi da allura, ya ƙara nutsewa. Muka koma ɗaki muka kwanta, ba wanda ya ce da wani uffan har gari ya waye.

Aka fita takaba a ƙarshen Oktoba, kaka ta yi, ana ta shigo da dawa gari. Baffa ya sa rana. Yaya Babba ya zo daga Kaduna inda yake aiki, yayyenmu mata suka zo daga gidajensu, Kawun Tsafe ya zo, ɗan'uwan matar Bunguɗu ya zo, aka kira limamin unguwa da mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, mata suna daga cikin zaure suna leƙe.

Dabarar farko ta direbobi ce. Duk wanda ya yi zamani da 504 ya san idan makullinta ya tsufa yakan yi sake, har makullin wata ya buɗe wata. Saboda haka tun kwana biyu kafin ranar an bi tasha an aro makullai goma sha ɗaya daga direbobin Funtuwa da na Sakkwato. Aka jera su a faranti. Yaya Babba ya ɗauki na farko, ya shiga rabi ya tsaya. Na biyu haka. Har na goma sha ɗaya ba wanda ya shige gaba ɗaya. Mu muna tsaye a baya, mun san dalili, gumi na bin bayanmu.

Wani ɗan maƙwabta mai zafin kai ya ce a kawo guduma da rodi a ɓalle murfin a huta, ko a kira mai walda ya huda wurin. Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Motag ga ba tawa ba ce, ba taku ba ce ku kaɗai. Akwai haƙƙin marayu cikinta. Wanda duk yal lanƙwasa mata ƙarhe, shi biya." Liman ya goyi bayansa, ya ce dukiyar mamaci kafin a raba ta amana ce a hannun masu rai, kuma ko fentin da aka kankare ragi ne daga rabon yaron da bai san ana yi ba. Sai aka aika Sabon Gari aka ɗauko mai yankan makulli.

Mutumin nan ya zo da ɗan akwatinsa na katako, ya durƙusa a bayan mota kamar mai gaisuwa. Da yake mai son bayani ne, sai da ya karantar da mu. Ya ce a cikin irin wannan makulli akwai 'yan fallayen tagulla a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi waje ya sarƙe. Idan makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa sai su jawo kowane falle daidai inda ya kamata, duk su kwanta, sannan cikin ya juya. Da tsufa fallayen kan side, shi ya sa baƙon makulli kan yi sa'a. Ya ce aikinsa shi ne ya sa makulli marar haƙori wanda ya shafa wa baƙin hayaƙin kyandir, ya murɗa a hankali, ya zaro, ya duba inda fallayen suka yi masa tabo, ya goga wurin da magagari, ya sake sawa, haka haka har ya fitar da haƙoran. Ya ce in Allah Ya so kafin la'asar an gama.

Ya ɗiga kananzir a ramin, ya sa makullinsa, ya ji ya tokare. Ya kunna 'yar tocila ya kanga ido. Ya ɗauko wani siririn hantsaki ya yi ta lalube, can sai ga shi ya zaro ɗan guntun ƙarfe bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ɗora a tafin hannu ya miƙa wa Baffa. Ya ce, "Alhaji, an riga ni. Wani ya zungure shi da waya, ya lanƙwasa fallaye biyu. Yanzu ko makullin gaskiya aka kawo, da wuya ya buɗe."

Wurin ya yi tsit. Baffa ya juya guntun ƙarfen a hannunsa ya ce, "Wa yat taɓa motag ga?" Ba wanda ya amsa. Sai muka ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa ga babban ɗan Iya, yaro ɗan shekara goma sha shida, wanda kowa ya san shi da kwance-kwancen rediyo da keke. Ɗaya daga cikin yayyenmu mata ta ce daga zaure, da murya yadda kowa zai ji, "Ai dama mun faɗa." Yaron ya buɗe baki zai yi rantsuwa, hawaye suka riga shi. Mai karatu, muna nan tsaye, tsakaninmu da shi bai fi taku uku ba. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Muka dubi ƙasa. Wannan shirun shi ne abu mafi muni da muka taɓa yi a rayuwarmu, ya fi karya silin muni nesa ba kusa ba.

Kawun Tsafe ne ya kawar da maganar. Ya ce akwai wani tsohon bakanike a garinsu wanda ya yi aiki a Kaduna zamanin da ake harhaɗa motocin nan, ya san 504 kamar yunwar cikinsa. Aka ɗage zama zuwa washegari. Daren nan Baffa ya sa almajirai biyu suka kwana a jikin motar, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu.

Da hantsi sai ga tsohon ya sauka daga motar Tsafe da buhun kayan aiki da yaronsa. Bai ko kalli makullin ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa bayanta kamar mai duba doki, ya ce, "Wanda ƙofar gaba ta gagara, sai shi zagaya ta baya. Ita wagga ƙofar bayanta tana ciki." Ya buɗe ƙofar baya, ya kori kazar da ke kwance a kan kushin, ya ɗaga mazaunin kujerar ya fitar da shi waje. Sannan ya kwance abin da ya riƙe majinginar daga ƙasa, ya tura ta sama ta fita daga maratayanta. A bayanta akwai wani kwali mai kauri da ya riga ya rube, ya yaye shi. Sai ga ƙarfen da ya raba ɗakin fasinja da but, da 'yan tagogi a jikinsa waɗanda hannu zai shiga amma mutum ba zai shiga ba. Wani wari ya bugo mu, warin tsohuwar takarda da turaren Baba. Inna da ke zaure ta ce ta ji shi, ta fashe da kuka.

Tsohon ya kira liman da Baffa ya ce su leƙa da tocila su shaida ba a taɓa komai ba kafin ya sa hannu. Suka leƙa, suka ga buhu da wata jakar fata da ƙaramin akwatin ƙarfe, ƙura ta lulluɓe su bai ɗaya, ba sawun yatsa ko ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya kashe zancen cewa an kwashe kaya, amma ba wanda ya ce komai.

Ya yi mana bayani cewa makullin da muke ta fama da shi ba shi ne ke riƙe da murfin ba. Shi umarni kawai yake bayarwa. Abin da ke riƙewa wani ɗan ƙugiya ne daga ciki, wanda ya cafke wani ƙarfe, kuma noti biyu ne suka ɗaure shi. In an kai ga notin nan, an gama. Matsalar ita ce nisa, domin daga bayan kujera zuwa bakin but ya fi tsawon hannun kowa, ga kaya sun tare hanya. Ya aika yaronsa wurin mai walda da rodi mai tsawon kamu uku da kan soket lamba goma, aka like su, aka lanƙwasa ɗaya bakin ya zama mariƙi. Ya ɗaura ɓallen madubi a jikin kara don ya riƙa ganin inda ido ba ya kaiwa. Da wani karan ya tura buhun gefe a hankali.

Saura mai riƙe tocila daga ciki, wanda hannunsa zai shige tagar har kafaɗa. Aka gwada manya, ba wanda ya iya. Sai tsohon ya nuna Auta, ɗan Iya na ƙarshe, mai shekara tara. Yaron ya kwanta rub da ciki a inda kujera take, ya zura hannu da tocila, tsohon na gefensa yana lalube da rodi yana ce masa, "Ɗaga kaɗan, ɗana. Yawwa. Tsaya nan." Tsatsa ta kama notin farko, sai da aka jiƙa tsumma da kananzir da baƙin mai aka miƙa shi a bakin kara aka shafa, aka jira. Wajen awa biyu ana abu ɗaya. Rana ta take, hannun yaron na rawa, bai ce ya gaji ba. Muna kallonsa muna tuna cewa wansa muka bari da laifinmu jiya. Notin farko ya faɗo, muka ji ƙararsa a kan ƙarfe. Na biyu bai yi gardama ba. Tsohon ya fito yana share gumi ya ce da Baffa, "Bismilla, ɗaga." Baffa ya sa hannu biyu, murfin ya yi ƙara ya tashi, ko kwarzane babu a jikin fenti.

A cikin buhun tsofaffin takardun awo ne da rasiɗai. A cikin akwatin ƙarfen akwai wani ƙunshi a tsumman atamfa, an ɗaure da zare, an soka 'yar takarda da rubutun ajami na Baba. Liman ya karanta: ajiyar wane na Tsafe. Aka kwance, aka ƙirga a gaban kowa. 'Yan hamsin-hamsin ne, domin a lokacin ita ce takardar kuɗi mafi girma, ba a fito da ta naira ɗari ba sai a ƙarshen 1999. Bandir goma sha biyu, dubu sittin cif, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Kawun Tsafe bai ce ai na faɗa muku ba. Ya rufe fuska da babbar riga ya yi ta yi wa Baba addu'a.

A cikin jakar fatar kuwa littafi ne mai baƙin bango, irin na 'yan kasuwa. Shafi shafi Baba ya rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa, da ranar da aka biya. Liman yana karantawa Yaya Babba yana rubutawa da boko. Ba taskar da muka yi ta mafarki. Abin da ake bin Baba ya kusa cinye abin da yake bi. Can wajen ƙarshe liman ya tsaya, ya gyara tabarau, ya sake dubawa. Ya miƙa wa Baffa littafin ba tare da ya karanta ba. Baffa ya duba ya daɗe. Fadamar Bunguɗu ita ce mafi daraja a duk abin da muke lissafin Baba ya bari, kuma a wurin nan mutum biyu ne kawai suka ga abin da ke shafin. Baffa ya mayar wa liman ya ce, "Karanta, Malam. Da ƙarhi." Rubutun ya ce fadama jingina ce, mai ita ya cika saura a watan Muharram, gona ta koma ga iyalinsa da zarar an cire amfanin bana. Ƙarƙashinsa an naɗe takardar jinginar da hatimin hakimi.

Ɗan'uwan matar nan ya faɗi ya yi sujada a kan tabarma. Yaya Babba ya ajiye biro, fuskarsa ta canza, amma da Baffa ya dube shi sai ya ce, "Ai ba tamu ba ce, Baffa. A ba su." Liman ya tunatar da jama'a tsarin da shari'a ta shimfiɗa: a fara fitar da amanar mutane da bashi, sannan wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi ba, sannan abin da ya rage a raba, matan su biyu su haɗu a tumuni tunda akwai 'ya'ya. Da aka gama lissafi sai da aka sayar da motar kafin bashin ya biyu. Wani direban tasha ya saye ta, kuma ya faɗa da bakinsa cewa da an fasa but ɗin da bai ba da wannan kuɗi ba. Ta yi shekaru tana jigila tsakanin Gusau da Funtuwa, mukan gan ta mu kau da kai.

An wanke Iya daga zargin kwashe kaya, amma zargin zungurar makulli yana nan a kan ɗanta. Mu kuma muka ci gaba da shiru. Sai ana gab da ƙaramar Sallah, a farkon 1999, ga wani dattijo daga Bunguɗu da ƙunshi. Ya ce ranar da Baba ya je ta'aziyya ruwa ya jiƙa shi, a gidansa ya sauya riga, aka shanya tasa aka ninke aka sa a adaka, aka manta. Yanzu da ake fito da kayan Sallah aka gan ta. Inna ta warware rigar, wani abu ya faɗo daga aljihun ciki ya yi ƙara a kan siminti. Ɗan makulli ne, ɗaure da jan zare. Wata bakwai muna zargin juna a kan abin da ke kwance a adakar wani a Bunguɗu.

Daren nan muka kasa barci. Bayan sallar asuba muka yi sallama a ƙofar ɗakin Iya, abin da muka yi wata da watanni ba mu yi ba. Muka durƙusa, muka faɗi komai, muna karɓe wa juna magana domin ba wanda ya iya kai ta ƙarshe shi kaɗai. Tana zaune a kan buzu da carbi, ta bari muka gama. Sannan ta ce, "Na gan ku. Daren da anka yi yayyahi, na tashi nahila, na hango tocila ta taga." Muka ce, to Iya me ya hana ki faɗa ranar da aka ɗora wa ɗanki? Ta ce, "In na hwaɗi, ɗiyan Alhaji biyu na tona ma asiri gaban mutane don in wanke guda. Shi na gaya mai ya yi haƙuri, Allah Ya sani. Ku kuma na san za ku zo." Ta sa aka kira yaron, muka roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma ya ɗauki shekaru kafin ya sake sakin jiki da mu, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Yau Inna da Iya da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. Yaron nan shi ne ya zama bakanike a gidanmu, yana da garejinsa, kuma idan aka kawo masa motar da makullin but ya ɓata, ba ya bari a kawo guduma kusa. Motocin yanzu ma yawancinsu an yi masu igiya ko maɓalli daga ciki, kujerun baya kuma suna kwantawa, aikin da ya ci mana kwana biyu sai a yi shi cikin minti biyar. Ɗan makullin mai jan zare yana wurinmu, ba ya buɗe komai, domin motar ta daɗe da zama kayan gwangwan. Littafin Baba kuma yana wurin Yaya Babba. Mu ma kowannenmu ya buɗe irinsa, kuma mun gaya wa iyalanmu inda yake da inda makullinsa yake, don kada a bar su da abin da aka bar mu da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke kanmu kafin a nemi makulli a rasa. Amin.